Saƙon Ranar Talata

Ni da hannuna na danna. Wannan ne yake ƙara ƙona min rai, don da wani ne ya taɓa min wayar, da na samu wanda zan huce a kansa. Kwanana huɗu ke nan a ƙasar mutane, ina zaune a ɗakin cin abinci na masaukinmu da kofin shayi a gabana, sai wayar ta rubuto cewa akwai sabuwar manhaja, in sabunta yanzu ko sai an jima. Shekarata goma sha ɗaya ina aiki a ɗakin gwajin jini na asibiti, kuma a wurinmu in na'ura ta ce a sabunta ta, ba a ce mata sai an jima. Nan take ake dannawa, a jira ta gama, a sa hannu a takarda. Kwas ɗin mako shida da ya kawo ni ma na sabuwar na'urar gwaji ne, kuma abin da malamin yake nanata mana ke nan kullum. To, sai yatsana ya yi abin da ya saba. Wayar ta ɗauke, ta kawo, ta sake ɗaukewa, wani ɗan layi yana rarrafe a tsakiyar gilashin. Da ta farfaɗo komai ya yi kyau, har launin agogon ya canja, amma can sama inda sandunan sabis suke tsayawa babu ko ɗaya.

Da farko ban damu ba. Na kashe na kunna. Na cire sim na hure shi na mayar, kamar ƙura ce matsalar. Na koma kan waifai na masauki, wayar ta gan shi, ta karɓi lambar sirri, ta yi ta juyi, ta ce ta haɗu, kafin saƙo ɗaya ya fita ta sake shi. Abokiyar ɗakina, wata ma'aikaciyar gwaji daga wata ƙasa da muke ce wa Tabarau saboda guda uku take yawo da su a jaka, ta karɓa ta ce ita ta san kan abin, a goge duk saitin sabis a fara daga farko. Muka goge. Wayar ta manta kowane waifai da ta taɓa sani a rayuwarta, sabis kuma bai dawo ba. Tabarau ta miƙo min ita a hankali ta ce wataƙila zuwa gobe.

Ba wayar ce ta dame ni ba, Mama ce. Tana da ciwon suga da hawan jini, idonta kuma ya dushe har ba ta iya karatu, mutum ma sai ya matso sosai take gane shi. Shekara bakwai ni ce a kanta. Ni nake soka mata yatsa da safe in auna suga, ni nake ƙirga mata ƙwayoyi a tafin hannu, ni nake durƙusawa in duba tsakanin yatsun ƙafarta ko wani rauni ya ɓuya. Duk dangi sun sani, in ana maganar Mama ni ake kira. Kafin in taho muka yi da ita cewa kullum in an tashe mu cin abincin rana, lokacin safiya ce a gida, zan kira ta ta bidiyo ta ji muryata, ni kuma in ga fuskarta in san ko ta kumbura. Kwana uku muka yi haka lafiya lau.

Wadda na bar wa ita kuwa Auta ce, ƙanwata, kuma ba da son raina ba, don dai babu wata. Auta tana da shagon gyaran gashi, kuma bakinta ya fi hannunta iya aiki. Mace za ta shigo mata fuska a murtuke, kafin a gama wanke kai ta ba ta labarin mijinta da na uwar mijinta suna ƙyaƙyata dariya. Haka take yi a gidanmu. Sau ɗaya a mako za ta faɗo da ledar lemo, ta baje a gadon Mama ta yi ta zuba, ta kwashe albarka ta tafi. Ni da nake kwana nake tashi da Mama, abin da nake samu shi ne, “Ke dai kin cika takura.” Na rubuta wa Auta shafi uku na abin da za a yi da wanda ba za a yi ba, na manna a jikin firij. Ta tsaya ta karanta tana gyaɗa kai kamar gaske, ta gama ta ƙame ta sara min, wai ranki ya daɗe Sifeto.

Washegari da rana na ari wayar Tabarau na danna lambar Mama, wadda na sani kamar sunana. Ko ƙara ɗaya ba ta yi ba ta katse. Na sake, ta katse. Sai a karo na biyar na tuna. Shekara biyu da suka wuce wani ɗan damfara ya kira Mama ya ce yayanmu ya yi haɗari a hanya, jininta ya hau har sai da muka kwana biyu a asibiti. Da muka dawo na ɗauki wayarta na saita ta yadda duk lambar da ba a ajiye a ciki ba za ta katse ta tun kafin ta yi ƙara. Don kada wani mai shisshigi ya warware min aiki, na kulle saitin da lamba huɗu, ban gaya wa kowa ba. Lokacin har alfahari nake da wannan dabara. Yanzu ga ni a bayan ƙofar da na kulle da hannuna.

Dole ta sa na nemo lambar Auta a matacciyar wayata na rubuta mata saƙo ta wayar Tabarau. Na ce wayata ta samu matsala, ta gaya wa Mama lafiyata lau, kuma kada a makara da ƙwayar safe. Ko minti ɗaya ba a yi ba amsa ta zo, da fuskokin dariya har guda shida. Wai Sifeto ta kama kanta. Ta ce in turo mata lamba huɗun ta buɗe, ta ajiye lambar ƙawata a wayar Mama, shi ke nan magana ta ƙare.

Gaskiya ta faɗa, shi ke nan magana ta ƙare. Na rubuta lamba biyu na tsaya. Wannan kullen shi kaɗai ne abin da ya rage a gidan wanda sai ni. Auta ta riga ta samu ɗakina, ta samu na'urar awon suga, ta samu makullin durowar magani. In na ba ta wannan, me ya rage da za a ce sai Yaya ta dawo? Na goge. Na rubuta cewa ba sai an taɓa saitin ba, gobe za a gyara min tawa.

Da aka tashe mu da yamma na nemi shagon gyaran waya. Na same shi a wani lungu bayan tashar jirgin ƙasa, tsakanin mai wanki da guga da mai yanka makulli, shago ne siriri wanda mutum biyu ba sa iya jerawa a ciki. Mai gyaran dattijo ne, da gilashin ƙara girma ɗaure a goshi. Ya kalli bayan wayar kawai ya yi tsaki, ya jawo durowa ya nuna min irinta guda huɗu a jere. Da guntun Turancinsa da nunin hannu ya fahimtar da ni cewa sabuwar manhajar ce ba ta jituwa da wannan samfurin, musamman in sim ɗin na wata ƙasa ne. Na ce to ya mayar min da tsohuwar. Ya girgiza kai, ba a komawa baya. Sai dai a jira kamfanin ya fito da gyara, shi kuma ya ɗora min ta kwamfuta da igiya, tunda wayar ba ta iya saukewa da kanta. Na tambaye shi yaushe. Ya ɗaga kafaɗa. Sai ya miƙo min biro ya ce in bar lambata zai kira ni, muka kalli juna, shi ya fara dariya, ni ban yi ba.

Daga nan hotuna suka fara shigowa wayar Tabarau. Ita ce take miƙo min ta ƙarƙashin tebur muna tsakiyar darasi, tana murmushi, wai ga tsohuwarki. Hoton farko na ɗauka idona ne. Mama ce zaune a kujerar wanke kai ta shagon Auta, an naɗe mata kai da tawul ruwan hoda, baki buɗe tana dariya har ana ganin giɓin haƙorinta. A shago. Matar da na rubuta a shafi na biyu, layi na huɗu, cewa kada ta wuce ƙofar gida sai in asibiti za a je. Ƙarƙashin hoton Auta ta rubuta cewa zaman kaɗaici yana damun Mama, don haka yanzu tare suke zuwa aiki, kuma ta zama shugabar hira, har masu zuwa gyaran gashi suna tambayar ta in ta shiga bayi.

Na buɗa hoton da yatsa biyu na matso da kofin da ke hannun Mama. Na fi minti biyar ina nazarin launin shayin, ko zan gane an sa suga. Sannan na koma kan dariyar. Na yi ta laluben ƙwaƙwalwata in tuna ranar ƙarshe da ta yi irin wannan a gabana, ban samu ba. A gabana takan miƙo yatsa ne ta kau da kai.

Auta ta ƙara da cewa tunda Mama tana kusa da ita duk yini, in kira lambarta kowane lokaci ta miƙa mata mu gaisa. Hanya a buɗe ke nan, ban da hujjar da zan kare kaina da ita. Amma da na hango yadda abin zai kasance, in kira Auta in ce don Allah ba ni Mama, ita tana riƙe da wayar, na'urar busar da gashi tana ruri, matan shagonta sun kasa kunne suna jin yadda Sifeto take magana, sai na fasa. Uwar da na yi shekara bakwai ina ɗauka ina saukewa, wai yau sai na nemi iso wurin Auta. Na rubuta cewa darasi ya yi mana yawa, babu lokacin kira, zan riƙa turo saƙo ta karanta mata.

Haka na riƙa yi kullum da rana. Zan karɓi wayar Tabarau in jero umarni. A rage gishiri. A duba diddigen hagu. A tabbatar ta sha ruwa kafin ƙwaya. Kada a bar ta ta zauna ƙafa a rataye fiye da awa ɗaya. Auta takan amsa da cewa an gama ranki ya daɗe, ta haɗo da hoton na'urar awo. Wannan hoton shi ne ya fi ci min rai, don lambar da ke kai kullum kyau take ƙara yi. Ni da abincin da nake aunawa da cokali ban taɓa sauko da sugan Mama haka ba. Auta ta ce wai ɗan tattakin da suke yi daga bakin titi zuwa shago ne. Na san gaskiya ce, ai aikina ne, amma na rubuta mata cewa ta duba batirin na'urar, wataƙila ya yi sanyi.

Zan faɗi wani abu, Allah ya yafe min. Akwai ranar da Tabarau ta miƙo min wayar, kafin in buɗe hoton na ji zuciyata tana fatan lambar ta hau. Ba sosai ba, ɗan kaɗan dai, yadda Auta za ta ruɗe ta ce Yaya me zan yi. Na buɗe na ga lafiya lau, kuma maimakon in gode wa Allah sai na ji haushi. Da na gane abin da na yi wa uwata fata, na tashi na shiga bayi na kulle na yi ta wanke fuska. Kishi ne, ba shi da wani suna, kuma kishin ƙanwata da na goya a bayana.

Tabarau ba ta taimaka ba ko kaɗan. Ta shiga son Auta tun daga nesa. In hoto ya zo sai ta sauya tabarau ta kalla da kyau, ta ce kai, ƙanwar nan taki akwai kirki, dubi yadda ta yi wa tsohuwa kitso. Ranar da ta ce na yi sa'a, da ita ce ta samu ƙanwa irin wannan da har hutu za ta ƙara a nan, na ɗauke gwangwanin biskit ɗina daga kan teburin da muke haɗawa na sa a akwati. Ta lura, kuma ta ci gaba da ara min wayar, abin da ya ƙara sa ni jin kunya.

A wurin kwas ma abin ya fara nunawa. Ni da ake misali da ni a asibitinmu wajen tsantseni, na manna lambar kwalbar gwaji ta bakwai a kan ta tara. Jinin koyo ne, ba na majinyaci ba, amma malamin ya ɗaga kwalaben biyu sama ya nuna wa kowa, ya ce a wurin aiki na gaske wannan kuskuren yana iya sa a ba mai lafiya magani a sallami marar lafiya. Bai ambaci sunana ba. Bai buƙata ba, ni kaɗai ce na sunkuyar da kai. Kullum kuma da yamma sai na bi ta lungun bayan tasha, dattijon ya hango ni tun daga nesa ya girgiza kai, in juya.

Ranar Talata, kwana shida da mutuwar wayar, Auta ta turo hoton da ya ƙure ni. Mama ce ta yi barci a doguwar kujerar shagon, kanta a cinyar Auta, ta riƙe gefen rigarta kamar ƙaramin yaro. Ban san wa ya ɗauka ba. Na kalla har gilashin ya yi duhu, na taɓa na sake kallo. Ni Mama ba ta taɓa ɗora kai a cinyata ba. Ko a asibiti, in na zauna a bakin gadonta, cewa take in koma kujera kada in gaji. Nan take na rubuta saƙon ranar, kuma na fi kowace rana bushewa:

“Farar ƙwaya da safe, ja da yamma, kada a haɗa. Barcin rana kada ya wuce minti arba'in. Shago ba wurin kwanan marar lafiya ba ne. A karanta mata duka.”

Amsar ba ta zo da wuri ba, kuma babu fuskar dariya ko ɗaya. Auta ta ce ta karanta mata, Mama ta yi shiru ta daɗe. Na ce a raina madalla, gara a tuna akwai mai gida.

Sai ranar Asabar, kwana goma cif, dattijon ya hango ni ya ɗaga hannu sama yana yafito ni. Ba mu da darasi ranar, da la'asar na je. Ya soka wa wayar igiya ya haɗa da wata tsohuwar kwamfuta, ɗan layin nan ya sake fitowa yana rarrafe, ni kuma ina tsaye a kansa kamar mai jiran haihuwa. Da ta kunna, sanda ɗaya ta fito a sama, sai biyu, sai huɗu. Saƙonnin kwana goma suka shiga faɗowa wayar tana ta rawa a kan tebur, ban buɗe ko ɗaya ba. Na fito na samu benci a gefen tasha na zauna, na gyara ɗankwali, na danna lambar Mama da lambata, ba ta hannun kowa ba.

Ta yi ƙara. Wallahi sai da na ji hawaye don wannan ƙarar kawai. Aka ɗauka, na ga silin, na ga fanka, na ga kunne, sannan wani hannu ya gyara wayar ya jingina ta da madubi. Ga Mama a kujerar shago, fuskarta ta yi fes, babu kumburi ko kaɗan. Ga Auta tsaye a bayanta da mataji a hannu, ta tsefe mata rabin kai.

Na riga na shirya tambayoyina a jere, na suga, na ƙafa, na barci. Mama ba ta bar ni na fara ba. Ta matso da fuskarta har hancinta ya cika gilashin, ta yi ta sa min albarka, muryarta tana rawa. Ta ce tafiyar nan ta yi min amfani. Ta ce ita da ma ta san akwai magana a cikina, nauyin baki ne kawai irin na mahaifinmu. Ta ce kullum in rana ta ɗaga sai ta ce wa Auta duba ko yayarki ta turo, kuma matan shagon ma har sun saba, in za a karanta sai a kashe na'urar busar da gashi.

Na rasa gane inda ta dosa. A rage gishiri ne ake kashe wa na'ura? Na ɗaga ido na kalli Auta. Matajin ya tsaya a iska. Ta zaro ido tana girgiza min kai a hankali, hannu ɗaya a ƙirji tana roƙo. A nan na gane. Ba abin da nake rubutawa take karantawa ba. Umarnin tana bi ita kaɗai, amma abin da take karanta wa Mama da sunana, daga kanta yake fitowa.

“Na ranar Talata,” in ji Mama, “sau uku na sa ta maimaita min. Yanzu tunda ga ki, faɗa min da bakinki in ji.”

Raina ya tashi har kunnena yana zafi. Ba ta tsaya ga ɗakina da makullin durowa ba, har bakina ta karɓa ta yi magana da shi, kuma ta fi ni iyawa. Jimla ɗaya ce tsakanina da ita. In ce Mama ban rubuta ba, Auta ce take shirya miki ƙarya, a gaban matan shagonta, in ga yadda dariyar za ta ƙare. Jimlar ta zo har kan harshena. Amma Mama ta karkato kunnenta na dama wajen wayar, wanda ya fi ji, ta lumshe ido tana jira, kuma ban taɓa ganin ta jira wata magana tawa haka ba.

Na ce mata sabis yana ɗan rawa, ta dakata. Auta ta ajiye mataji ta ja da baya, ta zaro wayarta daga aljihun riga, yatsunta suna gudu. Jirgi ya shigo tasha ya fita. Sai saƙo ya sauko a saman gilashina, daidai kan goshin Mama. Na share murya na karanta.

“Mama, ina kewarki. A nan kowa da sunan aiki yake kirana, babu mai ce min ’yata. Na san ina takura miki, tsoro ne yake sa ni, tsoron in tashi wata rana ba ki. In na dawo ba da awon jini zan fara ba. Zan zauna kusa da ke tukuna ki ba ni labari.”

A wajen tsoron nan muryata ta karye. Babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Ban taɓa gaya wa kowa ba, ban ma taɓa jera shi a raina haka ba, amma wannan yarinya da nake cewa ba ta san komai ba sai surutu, ta zauna a cikin shagonta ta karanta ni tsaf daga nesa. Shekara bakwai ina rainon Mama da hannu, ita kuma a kwana goma ta ba ta abin da take nema a wurina.

Mama ta share ido da gefen tawul. Ta juya baya inda take jin motsin Auta.

“Kin ji yadda ake faɗa ko? Ke sai ki yi ta sauri kamar ana korar ki. Mai magana daban, mai karantawa daban.”

“Na ji, Mama,” in ji Auta. Ta ɗauki matajinta ta ci gaba da tsifa, kanta a ƙasa, wata mata a kujerar gefe tana cewa ai ’ya ta gari ko a ina take ba ta manta uwa.

Na samu abin da nake so. A gaban kowa aka ɗaga ni aka ajiye Auta, kuma ban taɓa jin na ƙanƙanta irin na wannan lokacin ba. Na buɗe baki in ce wani abu nawa, ko kalma ɗaya ce wadda ba aro ba, na laluba na ji babu komai a wurin sai tambayar ko an duba diddigen hagu.

Mama ta gyara zama, ta sake karkato kunnen.

“To, saura na ranar Alhamis,” ta ce. “Wanda ya sa ni dariya.”

Na zuba wa saman gilashin ido, ina jiran Auta.